Sake Haihuwa a Addinin Buddha: Me Mabiyansa Suka Yi Imani da Shi?

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san labarin jarumin da aka kashe, aka sake haifarsa a wani gida, ya girma ya dawo ɗaukar fansa. Daga nan da yawanmu muka fara jin zancen sake haihuwa, har muka ɗauka abin farin ciki ne ga masu wannan aƙida. A wajen mabiya addinin Buddha kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasashen Tailan, Myanmar, Siri Lanka da Kambodiya, dawowa duniya wahala ce, kuma duk koyarwar addinin a kan neman mafita daga gare ta take.

Wanda ya kafa addinin, Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau, kusan shekara 2,500 da suka wuce. Ya koyar da cewa kowane mai rai yana cikin wani kewaye da ake kira samsara: a haife shi, ya tsufa, ya mutu, a sake haifarsa, ba farko ba ƙarshe. Abin da ke juya wannan kewaye shi ne karma, wato aikin da aka yi da niyya, ko da hannu ko da baki ko da zuciya. A ganinsu babu mai hisabi; aikin ne da kansa ke nuna kamar iri, ya kai mai shi inda ya dace.

A ƙofar gidajen ibada na Tibet akan ga zanen wata da'ira mai kama da ƙafar amalanke, wani dodo da ke wakiltar mutuwa ya riƙe ta da haƙora da farata. Ɗaya daga cikin mafi tsufan irin wannan zane yana kogunan Ajanta na Indiya, tun ƙarni na 5. A tsakiyar da'irar akwai zakara da maciji da alade, kowa ya ciji wutsiyar ɗan'uwansa. Zakara kwaɗayi ne, maciji ƙiyayya, alade jahilci. Su ukun nan ne tushen komai.

Daga nan aka kasa da'irar gida shida. Na sama mazaunin halittun da suke kira deva ne, masu tsawon rai da jin daɗi, amma ranar da ladansu ya ƙare sai su mutu su faɗo. Sai asura, masu ƙarfi da hassada ta hana su zaman lafiya. Sai 'yan'adam. Ƙasa kuma akwai dabbobi, sai fatalwu mayunwata da ake zanawa da ƙaton ciki da siririn wuya, alamar rowa da haɗama, sai gidajen azaba na zafi da na sanyi. Wasu mazhabobi biyar suke ƙirgawa. Abin lura shi ne babu gidan dawwama a cikinsu, har na azabar ma wa'adi gare shi.

Matsayin ɗan'adam suka fi darajantawa, domin yana da wahalar da za ta farkar da shi, yana kuma da hankalin neman hanya. Suna misalta wuyar samunsa da makahon kunkuru a teku, wanda ke ɗago kai sau ɗaya a shekara 100, a ce kansa ya dace da ramin karkiyar da ruwa ke yawo da ita.

Wani wurin da suka saɓa da addinin Hindu shi ne batun rai. Buddha ya ce babu wani rai tabbatacce da ke ƙaura daga jiki zuwa jiki. Malamansu kan kawo misalin fitilar da aka kunna daga wata: harshen wutar ya ci gaba, amma ba za a ce shi ne na farkon ba. Mafita daga kewayen samsara kuwa ita ce nirvana, ma'anarta mutuwar wutar kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci.

Wannan aƙida ce ke bayan al'adun da matafiyi zai gani. A Japan da Tibet ana yi wa mamaci addu'o'i har kwana 49. A Kambodiya, lokacin bikin Pchum Ben, ana kai shinkafa gidajen ibada domin magabatan da ake tsoron sun zama fatalwu mayunwata. Dalai Lama na 14, jagoran addinin Buddha na Tibet, wanda aka haifa a 1935, mutanen Tibet sun ɗauke shi a matsayin dawowar na 13 da ya rasu a 1933.

Musulmi da Kirista sun yi imani da rayuwa ɗaya, mutuwa ɗaya, sai tashi da hisabi a gaban Mahalicci, kuma wannan bambanci ne na tushe. Sanin abin da wani ya yarda da shi ba ya nufin bin sa. Amma ɗan kasuwar da ke zuwa Bangkok, da ɗalibin da ke zama da abokan karatu 'yan Siri Lanka, in sun san dalilin da ya sa abokin hulɗarsu ke ƙyamar kashe ko da ƙwaro, za su kauce wa izgili, su kuma iya bayyana nasu addinin da hujja da ladabi. Rashin sani ya fi dare duhu.