Ruwan da ke cin hita

Da zarar hunturu ya kankama a Zazzau, daga Disamba zuwa Janairu, wankan asuba kan zama abin da sai an yi shawara da zuciya. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, gidan da ke da hali ya kunna hitar bango, marar hali ya jefa ta guga cikin bokiti ko a ɗora tukunya a murhu. A wannan lokacin ne kuma masu gyaran famfo ke shan kira: hita ta fara yoyo, ko ta daina zafi, ko ruwanta ya fito da tsanwa-tsanwa. Mai gida kuwa amsarsa ɗaya ce, wutar NEPA ce ta ƙona ta. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa in aka kwance ta aka duba cikinta, sai a tarar ruwa ne ya cinye ƙarfen a hankali, da taimakon abin da mu da kanmu muka zuba masa.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan ciwo su ne masu kwamin ninƙaya a Turai da Amurka, inda ake ɗumama ruwan wanka da injin mai tsada. A cikin ganuwa ba mu da irin wannan kwami, sai dai a otal-otal da manyan makarantu na wajen gari, amma darasin da suka koya da kuɗinsu ya shafi banɗakin kowa. Ruwan kwami yana ratsa siraran bututan jan ƙarfe a cikin injin, saboda jan ƙarfe na saurin ɗaukar zafi. Rauninsa shi ne tsami. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14: bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi ɓangaren tsamiya da lemun tsami ne, sama da shi ɓangaren kanwa da toka. Masu kwami kan riƙe ruwansu tsakanin 7.2 da 7.8. In ya sauka ƙasa da bakwai, ruwan zai riƙa lasar bututu har ya huda shi, narkakken jan ƙarfen kuma ya bar kore a bango, har ma a gashin masu wanka.

Babban mai laifi shi ne ƙwayar kilorin ɗin nan fara mai faɗi da ake sa wa a kwami, wadda tsaminta ke wajen 3 a ma'aunin. Muddin famfo na juya ruwa, tana narkewa kaɗan-kaɗan ta baje, ba ta cutar da komai. Famfo na tsayawa, sai ta ci gaba da narkewa a wuri ɗaya, ta tara ruwa mai kaifi a cikin bututu. Ana sake kunnawa, wannan ruwan ne zai fara dukan hita. To a ƙasar da famfo ba ya tsayawa sai an ga dama, wannan matsala ce ta ganganci. A wurinmu, inda ake ɗauke wuta sau nawa a yini ba sallama, ita ce ta kullum. Shi ya sa duk mai kula da kwamin otal ya kamata ya tabbatar mazubin kilorin yana bayan hita, ruwa ya ɗumama tukuna sannan ya sami magani, kuma a sa makarin da ke hana ruwa komawa baya a tsakaninsu. Garwar kilorin da ta asid ma kada a ajiye su ɗaki ɗaya da injin, domin tiririnsu kaɗai na sa ƙarfe tsatsa.

Mu dawo gida. Da damina, in aka ji labarin amai da gudawa a unguwa, sai ka ga magidanci ya hau kan tanki da garin kilorin ko kwalbar Hypo, ya tuttula da ƙiyasin ido. Niyyar mai kyau ce, kuma ba ni cikin masu cewa a daina, don rai ya fi hita. Sai dai yawan da ake bukata kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin in ragowar kilorin a ruwan sha ya kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, ya wadatar. Abin da ya wuce kima ba ya ƙara lafiya, robobin da ke toshe mahaɗar bututu yake busarwa, kuma zafi na ƙara masa kaifi a kan ƙarfe, har da farin ƙarfen tankin hitar sola da ake cewa ba ya tsatsa. A dama maganin a bokiti, a bar garin ya kwanta, a zuba ruwan saman a tanki, a jira rabin awa.

Sai alimun, abokin ruwan rijiya da na 'yan garuwa idan ya yi dauɗa. Yana kwantar da laka, gaskiya ne, amma yana ƙara wa ruwa tsami. Wanda ke jefa dunƙule guda a tanki ya manta da shi, ya haɗa wa hitarsa miyar da za ta ci ta.

Ɗaya ɓangaren matsalar kuma duk mai shayi ya san shi: farin ɓawon nan da ke manne a gindin buta. Wasu rijiyoyin burtsatse na fitar da ruwa mai sinadarin farar ƙasa, zafi kuma na sa shi ya daskare a jikin ƙarfen da ke ɗumama ruwa. Ɓawon ya zame masa bargo, zafi ya kasa fita, ƙarfen ya yi ta gasuwa har ya fashe. Nan ma NEPA ce ke shan zagi. Ruwan lemun tsami ko ruwan khal na narkar da shi, a jiƙa a ɗauraye sosai. Kada dai a kuskura a haɗa abu mai tsami da bilic, domin hayaƙin da ke tashi na iya kwantar da mutum a asibiti.

Akwai wani abu a cikin hitar bango da ko wasu masu gyara ba sa waiwaya: sandar magnesiyam da kamfani ke sakawa don ruwa ya ci ta a maimakon tanki. Aikinta ke nan, ta ƙare. In ta ƙare ba a sauya ba, ruwa ya koma kan tankin. Duk shekara ɗaya ko biyu, kafin sanyi ya shigo, a ce wa mai gyara ya zare ta a gani, ya kuma zubar da lakar da ta taru a ƙasa. Takardar gwajin pH kuwa 'yar siririya ce, ana samunta wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje da na kiwon kifi. A tsoma ta a ruwan tanki, a gwada launinta da na jikin kwalin. In ta nuna ƙasa da 6.5, ruwan ya fita daga ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, kuma tun kafin a kai ga hita ya kamata a binciki abin da ake zuba masa.