Bayan ɗinkin jijiyar yatsa, me ya sa likita ke cewa a motsa?

Ranar Babbar Sallah wuƙa ta zame wa mai fiɗa, ta ratsa cikin yatsansa. Jini ya tsaya, amma yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Abin da ya tsinke ita ce jijiyar da ke jan yatsa. Hausa dai kan haɗa hanyar jini da hanyar ji da wannan igiya duk ta kira su jijiya, alhali aikinsu daban ne. Ita wannan igiya daga tsokar dantse ta taso, tana zamewa cikin wani siririn kube kamar zariya a wando.

Ɗinke ta rabin aiki ne. Idan aka naɗe hannun aka bar shi makonni, kamar yadda muka saba gani a ɗori, tabo zai manne jijiyar da kubenta, yatsa ya sandare. Idan kuma aka yi gaggawar motsa shi da ƙarfi, ɗinkin ya ɓalle. Wannan tsaka mai wuya ce ta sa likitan Amurka Sterling Bunnell ya ɗauki yankin gindin yatsu a matsayin wurin da ba a shiga. Harold Kleinert na birnin Louisville ya karya wannan tsoro a 1967, ya kuma shahara da ɗaura roba a farce tana jan yatsa. A 1975 masu bincike Duran da Houser suka nuna cewa zamewar milimita 3 zuwa 5 ta isa ta hana mannewa. Tazarar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Yau akan fara motsi kwana 3 zuwa 5 bayan tiyata, hannun na cikin madogarar roba ko filasta da ke hana yatsu miƙewa gaba ɗaya. Ma'aikacin gashin ƙashi zai nuna wa majinyaci yadda zai lanƙwasa yatsan da ɗaya hannun, daga baya ya gwada da kansa a hankali. Madogarar kan kai mako 6, aiki mai nauyi kuma sai wajen mako 12.

A nan ake yawan yin ɓarna. Ciwo ya lafa, fata ta haɗe, mutum ya ga ai ya warke, ya ɗaga buta ko ya murɗa hannun babur, alhali a makonni ukun farko ne ɗinkin ya fi rauni. Wanda ya ji wani abu ya yi ɗas, yatsa ya daina lanƙwasuwa, asibiti zai koma a ranar, don jinkiri kan sa bakin jijiyar ya ja da baya.