ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: YADDA KIRISTOCIN ƘASAR GAYA KE TUNA MAMATANSU

 Hatsi ya shiga rumbu, shinkafa ta nuna a bakin gulbi, shanu sun fara sauka cikin gonaki suna cin kara. A wannan lokaci ne maƙwabtanmu Kirista ke da al'adar tuna mutanensu da suka riga mu gidan gaskiya. Da yawa cikinmu mun sha ganin su sun nufi makabarta da tsintsiya da hauya a farkon watan Nuwamba, ba mu san dalili ba. Wasu kuma an yi rasuwa gidan Kirista kusa da su, suka rasa ko su je ko su zauna, don ba su san abin da za su faɗa ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo muku bayani. Mutuwa rigar kowa ce.

SU WANE NE?

Kirista a Nijar kaɗan ne. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, su ne kuma suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun kafa mishan a Yamai a 1931, daga baya suka zo Dogon Dutsi a 1947.

A nan ƙasar Gaya, yawancinsu suna zaune cikin birni. Akwai ƴan ƙasa, akwai kuma baƙi daga Benin da Togo da Najeriya: magina, kafintoci, teloli, makanikai, mata masu sayar da abinci. A ƙauyukanmu na wajen Tanda kuwa, sai ka tarar da gida ɗaya ko biyu, ko wani mushen lakwal ko ma'aikacin likita da gwamnati ta turo. Kashi biyu ne manya. Akwai Katolika, shugaban ibadarsu ana ce masa fada. Akwai masu bishara, nasu ana ce masa fasto.

Wanda danginsa suka cika gari, ranar mutuwa ba ya rasa masu haƙa kabari. Wanda ke shi kaɗai, nesa da gida, shi ne abin dubawa.

RANAR RASUWA

In rai ya yi halinsa, sai a aika a gaya wa fada ko fasto. In ba su kusa, dattijon majami'a ko mai koyar da addini ya tsaya a madadinsu. A wanke mamaci, a sa masa tufafi masu tsabta. Mai hali ya sa kafinta ya haɗa akwati. Wanda ba shi da hali ya naɗe nasa cikin farin ƙyalle da tabarma, don addininsu bai ce dole sai da akwati ba.

Daga nan a yi addu'a a gida ko a majami'a. A karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka gama juya shi da Hausa tun 1932. A yi waƙoƙi, a yi wa'azi gajere. Wani zai yi mamaki ya ji waƙa a gidan mutuwa. Waƙar nan addu'a ce, tana tuna wa masu kuka abin da suka ba da gaskiya gare shi, wato tashin matattu. Ba a hana kowa hawaye ba. Cikin littafinsu akwai labarin yadda Almasihu da kansa ya je gaisuwar mutuwar abokinsa Li'azaru, ya tarar da ƴan uwan mamacin mata biyu, Marta da Maryamu, hawaye suka zubo masa.

Wani bambanci da za ku gani shi ne, mata suna raka gawa har bakin kabari. Bayan an rufe, a kafa gicciye na itace ko na ƙarfe, a rubuta sunan mamaci da shekarar haihuwarsa da ranar rasuwarsa.

ZAMAN MAKOKI

Zaman makoki kusan ɗaya ne da wanda kowa ya sani. A shimfiɗa tabarmi, maza waje, mata cikin gida. Masu gaisuwa su zo su ce: "Sannunku da haƙuri." Mai jin Zabarmanci ya ce: "Fonda tilas." Su Kirista a tsakaninsu suna ƙarawa da: "Allah shi ta'azantar da ku." Duk wadda ka faɗa cikin waɗannan, ka gaisa.

A majami'un da ake ibada da Hausa akwai ƙungiyar da ake kira Zumuntar Mata. Ranar makoki aikin gidan yana komawa hannunsu. Su ɗebo ruwa, su kawo itace, su yi daka, su dafa wa baƙi. Wasunsu su kwana ɗakin matar mamaci don kada dare ya same ta ita kaɗai. Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

RANAR 2 GA NUWAMBA

Wurin Katolika, ranar 1 ga Nuwamba ta tuna tsarkaka ce. A ƙasar Benin ranar hutu ce ma. Kashegari, 2 ga wata, ita ce ranar dukan mamata. Al'adar ta daɗe. Wani shugaban gidan ibada mai suna Odilo, a garin Kuluni na ƙasar Faransa, shi ya kafa ta ga mutanensa shekara kusan 1,000 da suka wuce, daga nan ta bazu ko'ina.

Kafin ranar, iyali su je makabarta. Su nome ciyawar da damina ta bari, su cike inda ruwa ya zaizaye, su ta da gicciyen da gara ta ci, su sabunta rubutun da ya goge. Ranar kuma a yi ibada, a kira sunayen waɗanda suka rasu, a roƙa musu gafara. Fada ya zagaya kaburbura yana yayyafa ruwan albarka, iyalai su kunna kyandir.

Masu bishara ba su yin roƙo domin mamaci. A ganinsu hukuncinsa yana hannun Allah tun ranar da ya cika. Abin da suke yi shi ne su taru su gode wa Allah saboda rayuwar da ya yi, su faɗi kyawawan ayyukansa, su yi addu'a domin waɗanda ya bari. Wasu iyalai suna yin haka in shekara ta zagayo.

Amfanin irin wannan rana a fili yake. Yaron da uwarsa ta rasu yana goye, nan zai ji ana kiran sunanta, a nuna masa inda take kwance. Tsohuwar da aka manta da ita, ranar nan za a tuna ana bin gidanta bashin ziyara.

WAHALAR BAƘO

Baƙo da yawa burinsa a rufe shi a garinsu. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil an gina ta a 1958, ta nan aka saba wucewa da gawa zuwa kudu kafin a rufe iyaka a 2023. Amma aikin akwai tsada: kuɗin mota, kuɗin akwati, kuɗin ajiyar gawa a ɗakin sanyi, da takardun izni na hukuma. A kudancin Benin kuma ana iya ajiye gawa makonni, har dangi su taru a yi babban buki da ɗinkin anko da makaɗa. Iyali da yawa sun ci bashi ta wannan hanya.

A ƙarshen watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka, gada ta tsaya, mutane suka koma ƙetare gulbi da jirgin ruwa. Wanda aka yi wa rasuwa a lokacin nan ya ga wuya biyu, ga baƙin ciki ga hanya ba dama. Abin da ya kamata a ɗauka daga nan shi ne, ƙasa duk ta Allah ce. In hali bai kai ba, a rufe mutum inda ya cika. Kuɗin motar a bar wa ɗiyansa su ci abinci, su yi karatu. Wannan kuma yana nufin kowane gari ya san wurin da za a rufe Kirista tun kafin buƙata ta taso. Maganar mai gari ce da dattawa da magajin gari. Ba daidai ba ne a bar gawa kwance cikin zafin rana ana gardamar fili.

BAYAN AN NAƊE TABARMI

Kwanakin farko gida cike yake. Wahala tana farawa ranar da baƙi suka watse. Matar mamaci ta duba rumbu ta ga masu gaisuwa sun ci rabinsa. Ta duba gona ta ga ba mai noma. Wani lokaci ƴan uwan miji su zo su ce gonar ta gidansu ce, su karɓe, su bar ta da ɗiya biyar.

Abin ya fi tsanani ga wanda ya shiga Kiristanci shi kaɗai cikin danginsa, ko matar da ta auri wanda ba addininsu ɗaya ba. Ranar rasuwa dangi su ce su za su yi jana'iza, ƴan majami'a su ce nasu ne. Bayan haka maganar gado ta taso, da maganar wa zai riƙe yara. Maganin wannan rigima a yi shi tun mutum yana da rai. Ya tara ƴan uwansa da shaidu, ya faɗi yadda yake so a rufe shi. Ya faɗi gonar da ya saya da wadda ya gada, da bashin da ake bin sa da wanda yake bi. In ya iya rubutu ya rubuta, shaidu su sa hannu. Faɗin wasiyya ba ya kawo ajali.

Littattafan addinan nan biyu duka sun yi horo mai ƙarfi a kula da maraya da matar da mijinta ya rasu. Ga yadda kulawar take a ƙauye. In damina ta faɗi, samari su yi mata gayya, shuka da noman fari da maimai, kafin ciyawa ta ci gonar. Mai amalanke ya kwaso mata damma ranar girbi. Makiyayin da aka ba kiwon dabbobin mamaci ya zo ya faɗi adadinsu gaban shaidu, ya ci gaba da riƙon amana. Kada a fitar da yaro daga lakwal don ubansa ya mutu. Kuma a riƙa leƙa gidan. Wata na biyu da na uku, lokacin da kowa ya koma harkarsa, nan ne kewa ke kama mutum. In ka je, ba sai ka yi dogon wa'azi ba. Ka zauna, ka saurara. In ta ambaci sunan mijinta, kada ka kau da zancen.

ASUSU DA LISSAFI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majami'u suna karɓar baiko ranar Lahadi, a ciki ake taimakon wanda aka yi wa rasuwa. Kowace ƙungiya ta gari tana iya yin irin wannan asusu. Mu ɗauki misali. Gida 30, kowane gida ya zuba dala 20 a mako. A mako guda an tara jaka 3. A shekara, mako 52, an tara jaka 156. In kuma da kaka kowane gida ya kawo tiya 2 ta hatsi, an sami tiya 60, wato wajen buhu ɗaya da rabi. Da wannan ana iya sayen ƙyalle, a ciyar da baƙi, a bar wa marayu rumbunsu.

Amma asusu ba ya daɗewa in ba rubutu. A sayi kaye da bik. A rubuta sunan wanda ya zuba, da ranar, da nawa. Mai riƙon kuɗi daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi gaban kowa ƙarshen wata. Ku ɗaliban yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi wa gari amfani.

KADA A MANTA DA TAKARDA

In an yi rasuwa, a je a faɗa wa mai rubuta haihuwa da mutuwa na gari, ko a je ofishin magajin gari, a karɓi takardar mutuwa. In an bari wa'adi ya wuce, sai an je gaban alƙali, ga kuɗin mota ga ɓata kwanaki. Da takardar nan ake zaman rabon gado a hukumance. Da ita matar ma'aikaci ke neman haƙƙin mijinta. Wannan ya shafi Musulmi da Kirista duka.

HAƘƘIN MAƘWABCI

Malamai suna karantar da mu cewa, da labarin rasuwar Ja'afar ya iso Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su. An kuma ruwaito cewa ya taɓa miƙewa tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. To, kai da kuke sha rijiya ɗaya da Kirista, ba a ce ka yi ibadarsa ba. Ka je ka yi masa sannu. Ka ara masa tabarma da diga. Uwargida ta aika da fura ko ƙwaryar tuwo. Makiyayi ya kawo nono. Haka shi ma Kirista, in an yi rasuwa gidan Musulmi, ya je zaman makoki, ya kai gudummawarsa ranar sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, ya kiyaye mutuncin matar da ke takaba wata 4 da kwana 10.

Jama'a, ku karanta wannan ga waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ku tattauna shi a dandali da dare. Kowa ya duba unguwarsu, wane gida ne aka yi rashi cikin shekarar nan, kuma yaushe rabonsa da zuwa can. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah shi ba waɗanda aka yi wa rashi haƙuri, shi raya marayu, shi ba ƙasarmu zaman lafiya.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Tanda