Mazaɓar Birnin Kano a Majalisar Dokokin Jiha da Tarihin Zaɓenta

Mazaɓar Birnin Kano ɗaya ce daga cikin mazaɓu 40 da ke tura wakilai zuwa Majalisar Dokokin Jihar Kano. Iyakarta ita ce iyakar Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, wadda hedikwatarta ke Ƙofar Kudu, dab da fadar Sarki. A ƙarƙashinta akwai mazaɓun kansila 13: Shahuci, Zango, Yakasai, Kankarofi, Sheshe, Jakara, Chedi, Zaitawa, Tudun Wazirci, Tudun Nufawa, Ɗan'agundi, Gandun Albasa da Sharaɗa. Mafi yawansu suna cikin badala, amma Gandun Albasa da Sharaɗa sun miƙa zuwa wajen ganuwa, inda ake samun sababbin unguwanni da masana'antu. Ba duka tsohon birni ne ke cikin wannan mazaɓa ba, domin wasu sassansa sun faɗa ƙananan hukumomin Dala da Gwale, kuma kowacce da nata wakilin.

Ƙasar ba ta da faɗi, amma cike take da jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 360,000. A cikinta ne Gidan Rumfa yake, da Babban Masallacin Juma'a, da Gidan Makama, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Shahuci kanta tana tsakiyar wannan hada-hada, ga Kasuwar Rimi ga Asibitin Murtala a kusa, kuma tun zamanin Turawa an san unguwar da makarantu. A can aka kafa makarantar horar da alƙalai a 1928, kuma a makarantar elemantare ta Shahuci Malam Aminu Kano ya fara karatun boko. Masu zaɓen wannan yanki 'yan kasuwa ne da malamai da masu sana'ar hannu da ma'aikatan gwamnati da gidajen sarauta, sai kuma ɗimbin matasa waɗanda su ne ke cika layi a rumfunan zaɓe.

Tsarin mulkin 1999 ne ya tsara yawan kujerun. Sashe na 91 ya ce kujerun majalisar jiha za su ninka na wakilanta a Majalisar Wakilai ta Tarayya sau uku ko huɗu, amma kada su gaza 24, kada kuma su haura 40. Kano tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, don haka da lissafin ninki kaɗai aka bi da ta samu aƙalla 72. Ƙayyadewar ce ta tsayar da ita a 40. Da yake ƙananan hukumomin jihar 44 ne, sai aka haɗa takwas bibbiyu: Bagwai da Shanono, Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, sai Tsanyawa da Kunci, wadda aka sauya wa suna zuwa Ghari. Sauran kowacce kujera ɗaya. Abin da wannan ya haifar a Birni shi ne, ɗan majalisar jiha da ɗan majalisar tarayya duk ƙasa ɗaya suke wakilta, da unguwanni ɗaya da masu zaɓe ɗaya. A wata jiha mai ƙarancin jama'a, yankin ɗan majalisar tarayya ɗaya yakan ƙunshi 'yan majalisar jiha uku ko fiye. Tsarin mulki ya buƙaci yawan jama'ar mazaɓu ya yi kusa da juna, ya kuma ba hukumar zaɓe ta INEC ikon sake duba iyakoki bayan aƙalla shekara 10, amma iyakokin da ake amfani da su tun na 1996 ne. Saboda haka ƙuri'ar mutumin Shahuci ba ta kai ta mutumin wata ƙaramar hukumar karkara nauyi ba a zauren majalisa, tunda kujera ɗaya ce ga kowa alhali yawan mutanen ba ɗaya ba ne.

Wanda zai nemi kujerar sai ya kasance ɗan Nijeriya, mai ilimin da ya kai matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Da shekara 30 ce mafi ƙarancin shekarun ɗan takara, gyaran 2018 ya mai da ita 25. Wa'adin shekara huɗu ne, ba kuma iyaka ga yawan zangon da mutum zai iya yi. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Ana ƙirga ƙuri'u a kowace rumfa a gaban wakilan jam'iyyu, a kai sakamako cibiyar tattarawa ta mazaɓar kansila, daga nan zuwa ta ƙaramar hukuma, inda baturen zaɓe ke sanar da wanda ya yi nasara. INEC ce ke gudanar da wannan zaɓe. Hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, aikinta zaɓen ciyamomi da kansiloli ne kawai.

Tarihin zaɓe a birnin ya girmi jihar kanta. A zaɓen 1951 majalisar da ake nema ita ce ta Jihar Arewa da ke zama a Kaduna, kuma zaɓen hawa-hawa ne: talakawa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi wasu, har a kai matakin ƙarshe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta taka rawar gani a matakin farko a cikin birni, amma dokar ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakan sama, kuma a nan 'yan takarar NEPU suka zube. Tun daga lokacin birnin ya zama fagen fafatawa tsakanin NEPU mai kiran kanta jam'iyyar talakawa da NPC mai goyon bayan sarakuna. A duk tsawon wannan zamani maza ne kaɗai ke jefa ƙuri'a a Arewa. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 mata suka samu wannan dama, sannan suka shiga babban zaɓe a 1979.

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, amma ba ta samu zaɓaɓɓiyar majalisa ba sai a 1979, bayan sojoji sun miƙa mulki. Majalisar wancan lokaci tana da kujeru 138, saboda Jigawa tana cikin Kano kuma ba a sa ƙayyadewar 40 ba. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kwashe mafi yawansu da gagarumin rinjaye, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna. Ba a jima ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi na Rimi da 'yan taɓo na Malam, rabuwar da ta shiga har cikin majalisa da zaurukan unguwanni. Rikicin 10 ga Yuli 1981, wanda ya biyo bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, ya nuna yadda taɓa fada ke girgiza siyasar birni. A 1983 Rimi ya koma NPP ya faɗi, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya hau, sojoji suka rushe komai a ranar ƙarshe ta shekarar. Majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 1991, ta hanyar zaɓen ƙato bayan ƙato, ita ma ba ta cika shekara biyu ba Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993. A wannan zango ne tsohuwar gabar santsi da taɓo ta raba kan SDP har Kabiru Gaya na NRC ya samu kujerar gwamna.

Mazaɓar a siffarta ta yanzu ta fara aiki ne daga 1999. Daga nan zuwa yau, abin da ya fi fitowa fili shi ne kujerar ba kasafai take tsayawa da ƙafarta ba. Ana yin zaɓenta rana ɗaya da na gwamna a mafi yawan lokuta, don haka guguwar da ta taso daga sama ita ke ɗaukar ɗan takara ko ta kayar da shi. Kano ta ba PDP da Rabi'u Musa Kwankwaso a 1999, ta juya ga ANPP da Malam Ibrahim Shekarau a 2003 da 2007, ta dawo wa Kwankwaso a 2011. Guguwar 2003 ta yi ƙarfin da har Ghali Umar Na'Abba, wanda ke wakiltar wannan yanki a tarayya kuma yake shugabancin Majalisar Wakilai, bai koma kujerarsa ba. A 2015 kuwa kiran "sak" ne ya yi aiki, wato a dangwala wa APC daga sama har ƙasa, jam'iyyar ta mamaye majalisar jiha, Abdullahi Umar Ganduje ya zama gwamna.

A zangon 2015 zuwa 2019 Baffa Babba Ɗan'agundi ne ke kan kujerar Birni, kuma ya kai matsayin shugaban masu rinjaye. Manyan al'amura biyu sun ratsa ta hannun majalisar a lokacin. Na farko shi ne binciken faya-fayan bidiyo da jaridar Daily Nigerian ta wallafa a Oktoban 2018, waɗanda aka yi zargin sun nuna gwamna yana karɓar daloli daga 'yan kwangila, zargin da gwamnan ya musanta. Ɗan'agundi ne ya shugabanci kwamitin binciken, wanda ya saurari mawallafin jaridar, Ja'afar Ja'afar, kafin Babbar Kotun Jiha ta yanke hukunci a Disamba cewa majalisa ba ta da hurumin binciken laifi irin wannan. Na biyu shi ne dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, wadda aka zartar cikin 'yan kwanaki a Mayun 2019, majalisar tana dab da ƙarewar wa'adinta. Ga mazaɓar da fadar Sarki ke tsakiyarta, wannan ba dokar nesa ba ce. Kotu ta soke ta a Nuwamba, sabuwar majalisa ta sake yin wata a Disamba, aka kuma sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris 2020.

Zaɓen 2019 shi ne wanda ya fi koyar da abu game da masu zaɓen Birni. Ranar 23 ga Fabrairu, da ake zaɓen shugaban ƙasa da majalisun tarayya, sun ba Sha'aban Ibrahim Sharaɗa na APC kujerar Majalisar Wakilai. Mako biyu bayan haka, ranar 9 ga Maris, mutanen nan dai a rumfunan nan suka ba Salisu Maje Ahmad Gwangwazo na PDP kujerar majalisar jiha. Wannan shi ake kira zaɓen wake da shinkafa: a sama an bi Buhari, a jiha an bi jar hular Kwankwasiyya. Da yake iyakar kujerun biyu ɗaya ce, babu wani bayani na bambancin yanki da za a fake da shi. Masu zaɓen sun san bambancin abin da suke zaɓa a kowace rana. A wannan shekara ce aka ayyana zaɓen gwamna a matsayin wanda bai kammala ba, aka ƙarasa shi ranar 23 ga Maris, Ganduje ya zarce, APC ta kuma riƙe rinjaye a majalisa, don haka wakilin Birni ya zauna a ɓangaren marasa rinjaye. A 2022, lokacin da mafi yawan 'yan PDP na majalisar suka bi Kwankwaso zuwa NNPP, Gwangwazo ya koma APC. Sashe na 109 na tsarin mulki ya ce wanda ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabu, amma a aikace da wuya a ga an zartar da wannan a kan kowa, musamman in wanda ya sauya ɗin ɓangaren masu rinjaye ya nufa.

A zaɓen 18 ga Maris 2023, wanda aka yi da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, NNPP mai alamar kwandon kayan marmari ta samu kujeru 26, APC ta samu 14. Sarki Aliyu Daneji na NNPP ne ya ci Birni, kamar yadda Sagir Ibrahim Ƙoƙi na jam'iyyar ya ci kujerar tarayya makonni uku kafin nan. Ɗan'agundi da Gwangwazo da Daneji da Sharaɗa da Ƙoƙi duk sunayen unguwanni ne, domin ɗan siyasar birni da unguwarsa ake saninsa, kuma daga can yake fara tara jama'a. Wannan majalisa, a ƙarƙashin shugabancin Jibril Isma'il Falgore, ita ce ta soke dokar masarautu ranar 23 ga Mayu 2024. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, Sanusi ya koma Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero, wanda ya gaje shi bayan saukewar, ya sauka a gidan Sarki na Nasarawa, magana ta koma gaban kotuna.

Aikin ɗan majalisa a rubuce shi ne yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni da sa ido kan ma'aikatu. A unguwanni kuwa da wani ma'auni ake auna shi: wa ya samo wa aiki, wace kwata aka yashe kafin damina, wane lungu aka shimfiɗa wa intalok, rijiyar burtsatse nawa ya haƙa, kuɗin jarrabawar ɗalibai nawa ya biya. Matsalolin cikin badala sanannu ne, wato ƙarancin ruwan famfo, magudanan da ke toshewa, cunkoson ajujuwa, da faɗan daba, kuma mafi yawansu aikin ɓangaren zartarwa ne, ɗan majalisa sai dai ya gabatar da ƙuduri ko ya nemi a sa su a kasafi. Tsarin mulki ya ba masu zaɓe damar yi wa wakilinsu kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu a takardar koke, an tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama, sharaɗin da ya sa hanyar ta zama kusan a rufe.

Sarki Aliyu Daneji ya rasu ranar 24 ga Disamba 2025, rana ɗaya da takwaransa na Ungogo, Aminu Sa'adu. INEC ta gudanar da zaɓen cike gurbi a mazaɓun biyu a Fabrairun 2026, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya bar NNPP ya koma APC a watan Janairu. A Birni ɗan marigayin ne ya ci kujerar a ƙarƙashin APC, domin ya ƙarasa ragowar wa'adin majalisar da zai ƙare a 2027.