Saƙar Kwarashi Mai Ƙululu

Saƙa mai ƙululu wani salo ne na aikin kwarashi da ake tara zare a rami guda har ya yi tudu a fuskar saƙar, kamar ƙwayar gurjiya. An fi yin ta a bargon jarirai da suwaita da hular sanyi. A Kiyawa da Dutse da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa, kasuwar irin waɗannan kaya takan buɗe ne da shigowar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mai jego ke neman abin da za ta lulluɓe jaririnta da asuba.

Kwarashi a sigarsa ta yau ya bunƙasa ne a Turai a ƙarni na 19. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, mata da yawa sun riƙe gidajensu da shi. A ƙasar Hausa kuwa ya tarar da mutanen da hannunsu ya riga ya saba da kaɗi da saƙa da ɗinkin hula, don haka bai sha wahalar samun gindin zama a cikin gida ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwarashi mai kaurin milimita 4 ko 5, ulu matsakaici, da almakashi. Ana fara sarƙa daidai faɗin abin da ake so, a bi ta da layi ɗaya na gajeriyar saƙa. A layi na biyu ne ƙululun ke fitowa. Mai saƙa za ta naɗa zare a kwarashi, ta soka a rami, ta jawo zare, ta sake naɗawa ta zare ta cikin zobe biyu kawai, ta bar sauran a kan kwarashin. Haka za ta maimaita sau 5 a wannan ramin, har zobba 6 su taru. Daga nan sai ta naɗa zare sau ɗaya ta zare ta cikinsu gaba ɗaya.

Sirrin aikin yana ramin da ke biye. Dole a yi gajeriyar saƙa a ja ta da ɗan ƙarfi. Dogayen saƙa biyar da aka matse tsakanin gajeru ba su da wurin miƙewa, sai su kumbura su bulla ta ɗaya fuskar. Shi ya sa ake saƙa layin ƙululu daga bayan aikin. Sabuwar hannu takan ɗauka ta yi kuskure idan ba ta ga tudun a gabanta ba, alhali yana can a fuskar da za a gani. Idan aka saki hannu a wannan gajeriyar saƙar, ƙululun zai kwanta ya baje, an ɓata zare a banza.

Ɗumin da wannan saƙa ke bayarwa ya zo ne daga iskar da ke maƙalewa cikin kowane tudu. Amma tana cin zare sosai fiye da saƙa shimfiɗaɗɗiya, kuma tana ƙara nauyi. Ga wadda ke sayen ulu ƙulli-ƙulli daga Dutse ko kasuwannin Kano don ta saƙa ta sayar, cika bargo da ƙululu daga kai har gindi asara ce. Ya fi kyau a jera shi a baki-baki, ko a fitar da zane da shi a tsakiya, a bar layi ɗaya ko uku na gajeriyar saƙa tsakani. A suwaita, ƙirji da bakin hannu sun wadatar. A baya kuwa yana takura wa yaron da aka goya ko aka kwantar.

Yawancin ulun da ke kasuwa na roba ne, ba gashin tumaki ba. Yana jure wanki, amma zafi na narkar da shi, don haka a nisanta shi da kaskon garwashi, kada kuma a ɗora masa dutsen guga, domin ƙululun da ya lotse ba ya sake tashi. A wanke da hannu cikin ruwa mai sanyi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a kan tabarma a inuwa. Rataya a igiya yana sa nauyin ruwa ya ja saƙar ta yi tsawo.