Injin huda mai waya: abin da za a duba kafin a kashe kuɗi a Agadas

A Agadas, injin huda mai aiki da wutar lantarki jari ne ga mai walda, kafinta da mai kafa faifan sola a saman rufi. Tun bayan da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014, kuɗi suka shigo gari, gine-ginen bulo da siminti da ƙofofin ƙarfe suka ƙaru a sabbin unguwanni. Matasa da dama kuma daga 'yan uwansu mazauna Aljeriya, Libiya, Faransa ko Amurka suke samun kayan aikin farko. Sai dai injin da bai dace da wutar garin da ƙurarsa ba yana iya ƙonewa tun bai mayar da kuɗinsa ba.

Don aiki mai nauyi, mai waya ya fi mai batir. Ba ya rage ƙarfi a tsakiyar aiki, ya fi araha, sannan zafin da ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni yana saurin gajiyar da batir.

Abu na farko shi ne ƙarfin wuta. Lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rabawa, wanda yankin ke samu daga tashar kwal ta SONICHAR kusa da Tchirozérine, na volt 220 ne. Injin Faransa, Aljeriya ko Libiya yana tafiya da shi, na Ingila ma haka, in aka sauya masa kan soket. Na Amurka da Kanada kuwa an ƙera shi ne don volt 120, kuma da zarar an jona shi kai tsaye zai ƙone. Duk mai shirin aiko wa ƙaninsa inji daga can, ya karanta ɗan allon da ke jikinsa tukuna.

Na biyu, a san irin aikin da za a yi. Inji mai wat 500 zuwa 650 ya isa katako, siririn ƙarfe da bangon laka irin na tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Mai walda da ke huda kaurin ƙarfe kullum yana buƙatar wat 800 zuwa 1,100, da baki mai riƙe ƙarfen huda har milimita 13, wanda ake ɗaurewa da makulli. Ya kuma kasance mai giya biyu, domin ƙarfe a hankali ake huda shi ana ɗiga mai. Saurin juyi ƙona tsinin yake yi. Ga mai fama da kankare, wanda ya dace shi ne mai duka kamar guduma, mai baki irin na SDS da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975. Ana auna dukansa da jul, kuma 2 zuwa 3 sun isa aikin gini na yau da kullum.

Lambar wat kaɗai ba ta tabbatar da inganci. Akwai jabu masu ɗauke da sunan Bosch ko Makita da manyan lambobi a kwali, alhali cikinsu siririyar waya ce. Mai saye ya ɗaga injin ya ji nauyinsa, ya duba ko gidan giyar na ƙarfe ne maimakon roba, domin ƙarfe ya fi fitar da zafi. A kunna shi a gaban mai shago: idan bakin yana rawa, ko tartsatsi ya yi yawa a ciki, ko ana jin ƙauri, a ajiye shi. Kada a karɓi babban inji ba tare da mariƙin gefe ba, don idan ƙarfen huda ya maƙale, injin na iya murɗe wuyan hannu.

Sai batun ƙura. Fankar da ke sanyaya injin ita ce ke zuƙo yashi cikinsa, musamman lokacin hunturu. Yashin yana cinye gawayin nan biyu da masu gyara ke kira sharbon, daga nan ya taɓa kwayil. Shi ya sa ya kamata a tambaya tun kafin biya ko ana samun sharbon, makunni da bakin irin wannan injin a kasuwar Agadas, ko sai an aika Kano ko Tamanrasset. Busa ramukan iska bayan an tashi aiki da ajiye injin cikin akwatinsa suna ƙara masa kwana.

Idan wuta ta ɗauke aka koma janareta, ya zama ƙarfinsa ya kusa ninka na injin, wato kimanin wat 2,000 ga inji mai wat 1,000, saboda yana jan wuta da yawa lokacin tashi. Doguwar waya siririya ma tana rage wuta har injin ya yi zafi. Idan nisan ya wuce mita 25, a nemi mai kaurin 2.5.

Ga ɗan uwan da ke waje, aiko da kuɗi a sayi injin a inda za a iya gwada shi da gyara shi ya fi sauƙin asara. In kuma shi zai sayo, ya haɗo da sharbon na ajiya da ƙarafan huda masu kyau a cikin kayan.