Wane irin batir ne ya dace da kwalekwalen masunci?

Batirin mota da ake ɗorawa a cikin kwalekwale domin kunna fitilu da dare yakan mutu cikin 'yan watanni, ko da kuwa sabo fil aka sayo shi. Sau da yawa mai shago ake ɗora wa laifi, alhali kuwa batirin ne aka sa aikin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Yawancin ƙananan injinan kwalekwale da ake gani a tafkin Kainji, da tafkin Chadi, da kuma tafkin Volta na ƙasar Ghana, da igiya ake tayar da su, don haka ba su buƙatar batir. To amma wayar salula, da ƙananan fitilun lantarki marasa cin wuta, da famfon kwashe ruwa, sun sa batir ya shiga cikin kayan aikin masunci kamar yadda koma da filafili suke.

A tafkin Victoria da ke gabashin Afirka lamarin ya fi haka tsanani, domin a can da hasken fitila ake janyo ƙananan kifayen da 'yan Kenya ke kira omena, 'yan Tanzaniya kuma dagaa. Shekara da shekaru da fitilun kananzir masu famfo ake wannan kamu. A shekarar 2008 kamfanin Osram na ƙasar Jamus ya buɗe tashar cajin batura da hasken rana a garin Mbita na Kenya, inda masunta ke karɓar fitilu masu batir. Ga irin waɗannan masunta, batirin da ya mutu da tsakar dare yana nufin an ƙona man fetur an dawo gida hannu rabbana.

Tayar da inji daban, kwana ana haske daban

Tun a shekarar 1859 ne wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma, wato wanda ake tsoma farantan dalma a cikin ruwan asid, kuma har yanzu shi ne ya fi yawa a kasuwa. Mai ƙarfin bolt 12, wanda ake rubuta 12V a jikinsa, ɗakuna shida gare shi, kowanne na ba da bolt biyu da 'yan kai.

Daga waje duk kamarsu ɗaya, bambancin yana cikin farantan.

Batirin tayar da inji, irin na mota, farantansa sirara ne masu yawa. Hakan na ba shi damar sakin wuta mai yawa a cikin daƙiƙa biyu ko uku, daga nan inji ya kama, ya mayar masa da ɗan abin da ya kashe. Idan aka riƙa zuƙe shi har ƙasa kowane dare, siraran farantan nan sai su soma zagwanyewa, burbushinsu na taruwa a gindin batirin. Bayan zuƙewa 'yan gommai, ko ɗari da ɗoriya idan an yi sa'a, sai ya daina riƙe caji.

Ɗaya nau'in kuma, wanda ake iya kira batirin dogon zango, farantansa kaurara ne. Ba shi da zafin nama irin na farkon, amma yana jure a sha wutarsa sannu a hankali na tsawon sa'o'i, a sake cika shi, a maimaita hakan sau ɗaruruwa. A jikinsa akan rubuta deep cycle da Turanci, a kasuwannin arewacin Najeriya da Nijar kuwa an fi saninsa da batirin sola ko na inbata.

Saboda haka abin da ya kamata mai kwalekwale ya fara tantancewa shi ne aikin da batirin zai yi. Wanda injinsa na igiya ne, fitilu da waya kawai yake son ya kunna, ba abin da ya haɗa shi da batirin mota. Wanda kuma injinsa na makulli ne, yana kuma kwana a kan ruwa da fitilu, abin da ya fi masa shi ne batura biyu, kowanne da aikinsa, ta yadda fitilu ba za su shanye wutar da za ta mayar da shi gaɓa ba. Akwai baturan da aka yi domin ayyukan biyu, sai dai ba su kai kowane ɗaya daga cikin biyun ƙwarewa a fagensa ba. Suna da amfani ne a ƙaramin jirgin da ba shi da wurin ajiye batura biyu.

Lissafin dare ɗaya

Lambar da ta fi muhimmanci a jikin batirin dogon zango ita ce wadda haruffan Ah ke biye da ita, domin ita ke nuna yawan wutar da yake ɗauka. Batir mai 100Ah, bisa ma'aunin da masana'antu ke amfani da shi, yana iya ba da amfiya 5 na tsawon sa'o'i 20.

A ɗauki misalin masuncin da ke kunna fitilu uku, kowacce mai wat 10. Jimilla wat 30 ke nan, idan aka raba da bolt 12 za a samu amfiya biyu da rabi. A cikin sa'o'i goma na dare fitilun za su sha 25Ah. Idan aka ƙara da famfon da ke jan amfiya 3 na tsawon sa'a guda, da cajin wayoyi, lissafin zai kai kimanin 30Ah.

Sai dai batir mai 30Ah ba zai wadatar ba. Kamfanonin da ke ƙera baturan dalma na ba da shawarar kada a riƙa shan fiye da rabin wutarsu kafin a sake caji, muddin ana so su daɗe. Ke nan wannan masunci na buƙatar aƙalla 60Ah, idan kuma yakan kwana biyu a tsibiri ba tare da samun caji ba, sai ya ninka.

Shi kuwa batirin tayar da inji, lambar CCA ko MCA ake dubawa. Ta farko na nuna yawan amfiyar da zai iya saki na daƙiƙa 30 a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, ta biyun kuma a daidai sifiri, shi ya sa MCA kan fi girma a batir guda. Babu irin wannan sanyi a Baga ko Yawuri, amma littafin inji yakan faɗi mafi ƙarancin lambar da ake buƙata, kuma bai kamata a sayi wanda ya gaza ta ba.

Abin da ke kashe batir a ƙasashen nan shi ne zafi. An ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na rage rabin rayuwar batirin dalma. Wanda aka bari a rana a tsakiyar kwalekwale a watan Afrilu ba zai kai shekarun da aka rubuta a kwalinsa ba.

Mai ruwa, rufaffe, ko litiyam

Batir mai murfi, wanda ake ƙara wa ruwa, shi ne mafi araha, kuma kowane mai gyaran waya ya san shi. Aibinsa a kan ruwa shi ne yana iya zubar da asid idan igiyar ruwa ta karkata jirgi. Tataccen ruwa na batir kaɗai ake ƙara masa, ruwan kogi ko na rijiya na lalata farantan.

Rufaffen batir, mai alamar AGM ko mai jel, ba ya zuba, kuma ya fi jure jijjiga, amma ya fi tsada, sannan caji fiye da kima na busar da shi ba tare da hanyar gyara ba.

Batirin litiyam, musamman mai alamar LiFePO4, shi ne sabon shiga. Mai 100Ah na da nauyin kilo 11 zuwa 14, yayin da takwaransa na dalma ke kaiwa kilo 25 zuwa 30. Ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na wutarsa ko fiye, kuma yana jure caji sau dubbai. Kuɗinsa na farko ne ke da nauyi, kuma yana buƙatar na'urar caji da ta dace da shi. Ba kowane ƙaramin inji ne ya dace a haɗa shi da litiyam kai tsaye ba, sai an duba abin da kamfanin injin ya ce.

A gaban mai shago

Dalma ƙarfe ne mai nauyi, kuma yawan wutar da batir ke ɗauka na tafiya ne da yawan dalmar da ke cikinsa. Wannan ya sa sikeli ya fi tambari faɗin gaskiya. Batirin dalma da aka rubuta wa 100Ah amma yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, akwai lauje cikin naɗi.

Na biyu shi ne ranar da aka ƙera shi, wadda akan buga a murfi ko a gefe. Batirin dalma na rasa wuta ko da ba a taɓa shi ba, kuma idan ya daɗe babu caji wani farin gishiri kan daskare a jikin farantansa ya rage masa ƙarfi har abada. Wanda ya wuce wata shida a shago ba tare da an caja shi ba ya riga ya fara tsufa.

Ƙaramar na'urar auna wuta na taimakawa. Cikakken batirin dalma da ya huta sa'o'i bayan caji kan nuna bolt 12.6 zuwa 12.7, idan ya nuna 12.2 kuma rabi ne ya rage. Amma gajiyayyen batir ma yana iya nuna lamba mai kyau jim kaɗan bayan an cire shi daga caji, kuma da haka ake shigar da baturan gwanjo. Gwajin da ke fallasa shi shi ne a ɗora masa kaya, a ga ko wutar za ta tsaya ko za ta faɗi nan take.

Kafin a biya kuɗi kuma akwai batun inda za a riƙa caji. Wutar da ƙananan injina ke bayarwa ba ta wuce 'yan amfiya ba, kuma sai inji na gudu. Farantin sola mai wat 100 na ba da amfiya 5 zuwa 6 a tsakiyar rana, wato da ƙyar zai mayar da 30Ah ɗin can a yini guda, ƙurar hunturu kuma na rage shi. Babban batirin da ba a cika shi yakan riga ƙaramin da ake cikawa kullum mutuwa.

A cikin jirgi, wurinsa shi ne akwatin roba da aka ɗaure, sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da jarkar fetur, tare da fiyus kusa da kan da ke da alamar tarawa. Batirin dalma na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya tayar da wuta.

Ina za a kai tsohon?

A garin Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, maƙera sun daɗe suna fasa tsofaffin batura suna narkar da dalmar domin yin nauyin da ake ɗaura wa komar kamun kifi. Burbushin dalmar ya cika ƙasar unguwar. Da farashinta ya tashi, sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar a cikin gidaje domin su sayar. Tsakanin watan Nuwamban 2007 da Maris na 2008, yara 18 suka rasu, kuma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga ciki ya danganta mutuwar da gubar dalma.

Irin wannan guba ce ta hallaka yara sama da 400 a jihar Zamfara a shekarar 2010, ko da yake a can daga duwatsun zinariya ta fito.

Masu sayar da batura da dama na karɓar tsoho su rage kuɗin sabo, domin dalmar cikinsa na da daraja a wurin masana'antun da ke sake narkar da ita. Kafin a kai musu, a tsaye ake ajiye shi, da murfinsa a rufe, nesa da yara da kuma wurin da ake shanya kifi.